Yadda Ake Rubuta Imel na Aiki Wanda Za a Karanta a Kuma Amsa

Duk wanda ya taso a zamanin da wasiƙa take bin motar gidan waya ya san yadda ake buɗe ta: a yi sallama, a miƙa gaisuwa mai yawa da fatan alheri, a tambayi lafiyar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, a tambayi damina ko sanyi, sannan can wajen tsakiyar takarda a ce, "Dalilin rubuto maka wannan 'yar wasiƙa shi ne..." Wannan tsari ya dace da zamaninsa, domin wasiƙar takan kwana biyu a hanya, wanda ta isa gare shi kuma yakan nemi inuwa ya zauna ya karanta ta a tsanake. Imel na aiki ba ya samun wannan gata. Wanda ka aika wa yakan buɗe shi ne a wayar hannu, yana fitowa daga wani taro zai shiga wani, kuma akwai saƙonni da yawa a sama da naka da ƙasa da shi, kowanne yana jiran a waiwaye shi. Saboda haka tambaya ɗaya nake yi wa kowane imel kafin in sake shi: shin mai karatu zai gane abin da ake so daga gare shi, ya kuma aikata, ba tare da ya kira ni a waya ya ce me nake nufi ba? Mafi yawan wasiƙun ofis da Ingilishi ake rubuta su a Nijeriya, da Faransanci kuma a Nijar, amma matakan da zan bayyana ba su da ruwa da harshen da aka zaɓa.

Mataki na farko yana zuwa ne kafin ka taɓa madannai. Ka faɗa wa kanka, a cikin jimla guda, abin da kake so ya faru bayan an karanta saƙon: a amince da kuɗi, a turo wata takarda, a tsayar da ranar ganawa, ko kuwa a san wani abu kawai. Idan jimlar ta ƙi fitowa, to maganar ba ta nuna a zuciyarka ba tukuna, kuma rubutu ba zai nunar da ita ba. A nan ne kuma za ka duba ko imel ne ya dace. Abin da ake buƙatar amsarsa cikin awa guda na kiran waya ne, saɓanin da ya taso tsakaninka da abokin aiki na zama ido da ido ne, amma duk abin da ya shafi kuɗi, ko wa'adi, ko alkawari, ko umarnin da za a iya musantawa gobe, ya kamata ya kasance a rubuce. Ko da a waya kuka yi magana, ka biyo da gajeren imel da ke cewa ga abin da kuka tsayar, ga wanda zai yi, ga ranar da zai gama.

Na biyu, ka dubi adireshin da kake aikawa da shi. A wani ofis da na yi aiki mun taɓa tallata gurbi guda, aka ɗora mini tace saƙonnin masu nema. Akwai wani matashi da har yau nake tunawa da shi. Adireshinsa laƙabi ne irin na majalisar samari, gurbin taken saƙo babu komai, cikin saƙon ma babu ko kalma ɗaya, sai hoton takardar shaidar digirinsa da ya ɗauka a kan tabarma, inuwar hannunsa ta rufe rabin sunan jami'ar. Da na ƙara girman hoton sai na ga sakamakonsa ya fi na yawancin waɗanda muka kira. Abin ya dame ni ƙwarai, domin yaron ya yi karatu, abin da ya rasa kawai shi ne wanda zai zaunar da shi na minti goma ya nuna masa yadda ake shiga ofis ta wannan ƙofa. Buɗe sabon adireshi a Gmail ko Outlook kyauta ne. Ka sa sunanka da na mahaifinka kamar yadda suke a takardunka, ka kuma duba sunan da yake bayyana wa mai karɓa, domin sau da yawa adireshin yana da kyau amma sunan da ke fitowa a akwatin mutane wani laƙabi ne da aka sa tun shekarun baya aka manta. Idan ma'aikatarku ta ba ka adireshi, to na aiki ne kaɗai, kuma ka ɗauka cewa abin da ka rubuta a ciki yana iya zama a ajiye bayan ka bar wurin.

Na uku shi ne taken saƙo, wato ɗan layin nan da ke bayyana kafin a buɗe. Mutane da yawa suna rubuta "Gaisuwa" ko "Neman taimako" ko "Gaggawa", alhali babu ɗaya daga ciki da ya faɗi komai. Take mai kyau yana ɗauke da batun da kuma abin da ake so, kamar "Neman amincewa da kuɗin gyaran janareto kafin 14 ga Mayu", ko "Takardun neman gurbin akanta". Ka sa kalmomin da suka fi muhimmanci a farko, domin allon waya yakan datse ƙarshen layi. Idan maganar tana da lambar fayil, ko tallar aikin ta ba da wata lamba, ka sa ta. Amfanin take ba ya ƙarewa a ranar da aka aika, domin bayan wata shida, lokacin da masu binciken kuɗi suka zo suna tambayar wa ya amince da me, da waɗannan kalmomi ne za a nemo saƙon. Kalmar gaggawa kuwa, wanda ya saba manna ta a kowane saƙo, ranar da gaggawar gaskiya ta zo ba mai kula shi.

Yanzu sai gaisuwa, kuma a nan zan ɗan tsaya, domin nan ne Bahaushe yake shiga tsaka mai wuya. Tarbiyyarmu ba ta yarda mutum ya faɗa wa na gaba da shi da buƙata ba tare da ya gaishe shi ba, kuma ni ban yarda da masu cewa a jefar da gaisuwa gaba ɗaya don a yi kama da Turawa ba. Gaisuwa haƙƙi ce, amma a imel layi ɗaya ya isa ya sauke ta: "Assalamu alaikum, Yallaɓai. Barka da aiki." Ko kuma, "Hajiya, barka da safiya, da fatan an tashi lafiya." Tambayar iyali da gajiya da sauransu a bar su sai an haɗu. Girmamawar da mai aiki da yawa ya fi ji a jikinsa ita ce a tattala masa lokacinsa. Ka kuma kula da muƙami da lakabin girmamawa. Wanda yake Farfesa kada ka kira shi Dakta, wadda take Darakta kada ka rage mata matsayi, mai sarauta kuma a ce masa "Ranka ya daɗe" tare da sarautarsa. Ka duba yadda mutum yake rubuta sunansa ka bi shi a haka, domin akwai mai rubuta Muhammad, akwai Mohammed, akwai Mahamadou a Nijar, kuma kowa yana lura idan an ɓata nasa. Idan ba ka san ko namiji ne ko mace ba, ka yi amfani da muƙamin kujerar, kamar "Zuwa ga Shugaban Sashen Ma'aikata". Idan kuma ba ka san addinin mutum ba, "Barka da aiki" ta wadatar da kowa.

Daga gaisuwa sai buƙata, ba tare da kewaye-kewaye ba. Wannan shi ne mataki na biyar, kuma shi ne ƙashin bayan aikin duka. Yawancinmu mun saba faro magana daga tushe, mu ba da labarin yadda abu ya samo asali, sai a ƙarshe mu faɗi abin da ya kawo mu. A imel sai an juya tsarin: buƙata a sama, dalili a tsakiya, mataki na gaba a ƙasa. Idan mutumin bai san ka ba, ka gabatar da kanka a jimla guda, ka faɗi inda ka samu adireshinsa ko wanda ya haɗa ku. Ga misali, a ce ma'aikaci ne yake rubuta wa shugabansa:

"Assalamu alaikum, Yallaɓai Darakta. Barka da aiki.

Ina neman amincewarka a fitar da naira 180,000 domin gyaran janareton ofis, kuma ina roƙon a samu amincewar kafin ƙarfe 12 na ranar Alhamis, 14 ga Mayu.

Janareton ya tsaya tun ranar Litinin, kuma makanikin da ya duba shi ya ce sai an sauya famfon mai da batir. Na karɓo farashi daga wurare uku, ga su nan na maƙala a fayil guda. Shawarata ita ce a ɗauki na biyu, domin shi kaɗai ne ya ba da garantin wata shida.

Idan ka amince, zan miƙa takardar ga sashen kuɗi a ranar, makanikin ya fara aiki ranar Juma'a.

Na gode."

Darakta zai iya amsa wannan da kalma ɗaya, yana tsaye a bakin ƙofa. Bai buƙaci ya tambayi nawa ne ba, ko yaushe ake so, ko wane farashi ma'aikacin yake ganin ya fi. Ka lura kuma cewa marubucin bai ajiye wa shugabansa matsala ya koma gefe ba, ya zo da shawararsa tare da hujja. Kowane sakin layi yana ɗauke da magana ɗaya, kuma akwai fili a tsakaninsu, domin dogon rubutu da aka cusa wuri guda yana kashe ido a ƙaramin allo. Idan tambayoyinka sun kai uku, ka ba kowacce lamba, in ba haka ba za a amsa ta farko a manta da sauran. Idan kuwa batutuwan ba su da alaƙa da juna, kamar neman hutu da rahoton wata, to kowanne ya tafi a saƙonsa.

Na shida ya shafi lokaci da kuɗi, inda ƙaramin sakaci yake haifar da babbar asara. "Da wuri", "nan ba da jimawa ba" da "in an samu dama" ba wa'adi ba ne. Ka faɗi rana da ƙarfe. Ka rubuta sunan wata da baƙaƙe, domin 04/05 a wurinmu 4 ga Mayu ne, amma Ba'amurke zai karanta shi 5 ga Afrilu, tun da su wata suke fara rubutawa. Idan ganawar ta intanet ce da mutanen wata ƙasa, ka faɗi agogon da kake nufi. Nijeriya da Nijar da Kamaru da Chadi agogonsu ɗaya ne, Ghana tana bayansu da awa guda, Sudan tana gaba da awa guda, Saudiyya da awa biyu, Landan kuwa lokacin sanyi tana baya da awa guda amma lokacin zafinsu agogonta yana daidaita da namu. Kuɗi kuma a rubuta adadi da lambobi tare da sunan kuɗin a fili. Wannan ya fi muhimmanci ga masu hulɗa tsakanin Kano da Maraɗi ko Damagaram, domin a bakin Bahaushen Nijar dala tana nufin sefa biyar, jaka kuma sefa dubu, alhali a Nijeriya idan an ce dala kowa kuɗin Amurka yake ji. A kasuwa ana gane juna, amma a rubuce gara a ce sefa 50,000 ko dalar Amurka 200, kowa ya huta.

Na bakwai, harshen kansa. Imel na aiki ba hirar WhatsApp ba ce, don haka "slm" da "ngd" da "ykk" ba su da gurbi a ciki, haka ma hotunan fuskoki masu dariya idan ba abokin aikin da kuka saba ƙwarai ba ne. Rubuta jimla gaba ɗaya da manyan baƙaƙe tamkar ɗaga murya ne, jera alamun motsin rai uku kuma yana nuna fushi ko da ba ka yi niyya ba. Idan da Hausa kake rubutu, ka sa baƙaƙe masu ƙugiya, domin baki daban baƙi daban, kafa daban ƙafa daban. Manhajar Gboard tana da madannan Hausa, kuma sanya su ba ya wuce minti biyu. Idan da Ingilishi ne, kada ka nemo manyan kalmomi don burgewa. Gajeriyar jimla da ka tabbatar da ma'anarta ta fi doguwa wadda ka aro ba ka san inda ta dosa ba. Masu neman taimakon manhajojin fassara ko na ƙirƙirarriyar basira su karanta abin da ya fito layi-layi, domin sunansu ne a ƙasan saƙon, kuma su za a tuhuma da duk alkawarin da ke ciki.

Sai maƙala takardu. Takardar da ba ka so a sauya mata fasali, kamar ta bayanin karatu da aiki wadda aka fi sani da CV, ko rasit, ko takardar farashi, ka mayar da ita PDF. Ka ba fayil ɗin suna mai ma'ana, wanda ya ƙunshi sunanka da irin takardar, maimakon jerin lambobin da kyamara take bayarwa. Idan takardar a hannu take kuma ba ka kusa da shagon kwamfuta, manhajar Google Drive da ke wayarka tana iya ɗaukar ta ta daidaita gefunanta. Ka shimfiɗa ta a kan tebur, inda haske yake sosai, ka tabbatar ana karanta kowane layi. Gmail ba ya ɗaukar abin da ya wuce megabayit 25 a saƙo guda, idan ya haura sai ya ɗora shi a Google Drive ya tura mahaɗi, kuma a nan dole ka ba mai karɓa izinin buɗewa, in ba haka ba zai tarar da ƙofa a kulle. Ka tuna kuma cewa wani da datarsa zai sauke abin da ka aiko, wataƙila a inda sabis yake da rauni. Ka ambaci abin da ka maƙala a cikin saƙon, sannan ka buɗe shi da kanka ka tabbatar shi ne ainihin wanda kake nufi.

Rufewa ba ta buƙatar dogon zance. "Na gode" ko "Wassalam" ko "Naka cikin girmamawa" ya isa, sai cikakken suna, da muƙami, da sunan ma'aikata, da lambar waya mai ɗauke da lambar ƙasa, wato +234 ga Nijeriya ko +227 ga Nijar. Ana iya ajiye wannan sau ɗaya a saitin manhaja ya riƙa fitowa da kansa.

Na bar maganar waɗanda za a aika wa har zuwa nan da gangan, domin shawarata ita ce gurbin adireshi ya zama abu na ƙarshe da za ka cike, ta yadda ko yatsa ya zame ba za a tura rabin saƙo ba. Gurbi na farko na wanda ake so ya aikata ne. Gurbin Cc ya samo sunansa daga takardar kabon da masu buga tafireta suke sakawa tsakanin takardu biyu don a samu kwafi, kuma ma'anarsa ba ta sauya ba: ga kwafi don ka sani, ba a jiran amsarka. Idan ka jera mutum biyar a gurbi na farko, kowa zai ɗauka ɗan'uwansa ne zai yi, aikin ya kwana. Kada ka riƙa sa shugaban mutum a kwafi don ka tsorata shi, domin ko ya yi abin da kake so, ka ɓata hulɗar da za ka buƙata gobe. Haka kuma inda ƙa'idar aikin gwamnati ta ce takarda ta bi ta hannun shugaban sashe, sauƙin imel bai ba ka izinin tsallake shi ba. Gurbin Bcc yana ɓoye adireshi daga sauran masu karɓa, kuma amfaninsa na gaskiya shi ne sanarwa ga jama'a da yawa da ba su san juna ba, kamar iyayen ɗalibai ko masu neman aiki. Bayyana adireshinsu ga kowa cin amana ne, kuma tun 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan mutane. Wajen amsawa ma ka bambanta maɓallin amsa wa mutum ɗaya da na amsa wa kowa da kowa.

Kafin ka danna aikawa, ka karanta saƙon daga sama har ƙasa a matsayin wanda bai san komai a kan batun ba, ka duba sunaye da lambobi da ranaku sau biyu. Idan ranka a ɓace yake lokacin da ka rubuta, ka ajiye shi ya kwana. Magana zarar bunu ce, ta imel kuwa ta fi ta baki haɗari, domin ana iya tura ta gaba ga wanda ba ka taɓa zato ba, da kalmominka yadda ka rubuta su. Ko ƙorafi za ka yi, ka tsaya a kan abin da ya faru da ranar da ya faru da gyaran da kake nema, ka bar halin mutum. Gmail yana ba da daƙiƙa 5 na janye saƙo bayan an aika, kuma ana iya ƙara su zuwa 30 a saiti, abin da nake ba kowa shawara ya yi tun yau. Akwai kuma damar tsara lokacin tafiyar saƙo, don wanda ya gama rubutu da tsakar dare ya sa shi ya isa da safe lokacin buɗe ofis.

Idan kai aka aiko wa, ka yi ƙoƙarin amsawa cikin kwana ɗaya ko biyu na aiki, ko da cewa za ka yi saƙo ya iso kuma cikakkiyar amsa tana zuwa ranar kaza. Saƙon da ya zo yana neman lambar sirrin katinka, ko lambar da banki ya turo maka a waya, ko yana cewa an sauya asusun da za a biya kuɗi a ciki, kada ka aikata komai sai ka kira mutumin ta lambar da ka riga ka sani, ka kuma duba ainihin adireshin, domin hukumomin gwamnatin Nijeriya nasu yakan ƙare da .gov.ng ne. Idan kuma kai ne ka aika aka yi shiru, kada ka ɗauka wulaƙanci ne, sau da yawa saƙon ya nutse ne a cikin wasu. Bayan kwana uku ko huɗu na aiki, ka koma kan saƙon farko ka amsa a ƙarƙashinsa, don duk bayanin ya kasance wuri guda, ka rubuta layi biyu: "Yallaɓai, barka da aiki. Ina tuni ne a kan maganar gyaran janareto da ke ƙasa, domin farashin da aka ba mu zai ƙare ranar Juma'a." Idan tuni na biyu ma bai samu amsa ba, sai ka ɗauki waya ko ka taka zuwa ofishin, ka riƙe take da ranar saƙon a hannunka domin sakatare ya nemo shi nan take.